Mai hoto da mai fuska: shari'ar budurwar Rochester da abin da ya biyo bayanta

Birnin Rochester yana arewacin jihar New York ta Amurka, dab da Tafkin Ontario, kogin Genesee ya ratsa shi ta tsakiya. A ƙarni na 19 da niƙa aka san shi. Ruwan kogin da ke zubowa daga kan dutse shi ke juya injinan niƙan alkama, har aka yi wa garin laƙabi da birnin fulawa. Da sana'ar niƙa ta fara ƙaura zuwa yammacin ƙasar sai wata ta gaje ta, domin a nan George Eastman, tsohon akawun banki, ya kafa kamfanin Kodak. Fulawa da hoto, kayan garin guda biyu, su suka haɗu a kan wata budurwa mai suna Abigail Roberson, suka haifar da shari'ar da har yau ɗaliban aikin lauya a Amurka ke karantawa.

Roberson ba ta kai shekara ashirin ba sa'ad da ta tarar da fuskarta a fastar tallan fulawar kamfanin Franklin Mills. Wani kamfanin kwalaye na garinsu, Rochester Folding Box, shi ya buga, kwafi wajen 25,000, aka bi kantuna da ɗakunan ajiyar kaya da mashaya ana mannawa. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya ba ta ko sisi. A takardar ƙarar da aka shigar a 1900 ta ce waɗanda suka san ta sun gane ta, sun mai da ita abin ba'a, abin ya ci mata rai har ya kwantar da ita, sai da aka kira likita. Ta nemi a hana ci gaba da yaɗa fastar, a kuma biya ta diyyar dala 15,000.

Ƙananan kotuna biyu sun ce tana da hujjar ƙara. Amma a watan Yunin 1902 maganar ta kai babbar kotun jihar, inda alƙalai bakwai suka rabu, huɗu suka kayar da ita, uku suka goyi bayanta. Shugaban kotun, Alton B. Parker, shi ya rubuta hukuncin masu rinjaye. Ya ce ya duba littattafan magabata na shari'ar Ingila da Amurka bai ga inda aka ba mutum ikon hana a yi amfani da kamanninsa ba. Hoton bai muzanta ta ba, in ji shi, ya ma fito da ita da kyau, saboda haka ba ɓata suna ba ne. Har ya ƙara da cewa da wasu ne, da sun ɗauki abin a matsayin yabon kyawunsu. Babbar fargabarsa ita ce in aka buɗe wannan ƙofa ƙararraki za su cika kotu, gobe wani ya zo ya ce an kwatanta siffarsa a rubuce ko maƙwabta sun yi gulmarsa. In ana son doka, majalisa ta yi. Alƙali John Clinton Gray, wanda ya rubuta ra'ayin ukun, ya ce tun da doka tana kare rubutun mutum daga masu neman kuɗi da shi ba izini, ba dalilin da zai sa fuskarsa ta rasa irin wannan kariya.

Mai karatu zai so ya kira Parker azzalumi, kuma maganarsa ta yabon kyau ta cancanci tsinuwa. Sai dai a abu ɗaya bai yi ƙarya ba: littattafan babu komai a ciki. Shekara arba'in ke nan doka tana magana a kan hoto, amma duk maganar tata a kan mutumin da ke bayan kyamara take.

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Paris a 1839. Ingila ta sa hotuna cikin abubuwan da haƙƙin mallaka ya shafa a 1862, Amurka ta bi sahu a 1865. Duk da haka mutane da yawa sun ci gaba da ganin mai hoto ba mai fasaha ba ne, ma'aikacin inji ne kawai: rana ta haska, gilashi ya kama, mene ne nasa a ciki? Wanda ya kawo ƙarshen wannan gardama a Amurka shi ne Napoleon Sarony, mai shagon hoto a dandalin Union Square na birnin New York, wanda taurarin wasan kwaikwayo na zamanin ke layi a ƙofarsa. A watan Janairun 1882 marubucin nan ɗan Ireland, Oscar Wilde, ya sauka Amurka don zagayen lacca, Sarony ya ɗauke shi hotuna fiye da ashirin. A na goma sha takwas Wilde yana zaune ya yi tagumi, da littafi a ɗaya hannun, sanye da kwat na karammiski da wando iya gwiwa da doguwar safa. Wani kamfanin ɗab'i, Burrow-Giles, ya kwafe wannan hoto ya buga 85,000, wani babban kanti ya yi tallan huluna da shi.

Sarony ya kai ƙara. Kamfanin ya ce tsarin mulkin Amurka marubuta ya ce a kare, hoto kuwa ba rubutu ba ne, ba shi da marubuci. A 1884 Kotun Ƙoli ta ba Sarony gaskiya, da hujjar cewa shi ya zaunar da Wilde yadda yake so, shi ya zaɓi tufafi da labule, shi ya daidaita haske da inuwa, shi ya jawo yanayin da ya bayyana a fuskar. An tabbatar masa da dala 610. Wilde, wanda fuskarsa ce ta sayar da hulunan, ba ya cikin masu ƙara, kuma hukuncin bai tanadar masa komai ba. A idon kotu matsayinsa matsayin yadi ne a hannun tela: da shi aka yi aikin, amma ɗinkin na tela ne.

Abin da ya rage wa mai fuska a lokacin shi ne cinikin da ya yi da mai hoto. A 1888, a wani garin Rochester ɗin dabam, na Ingila, wata matar aure ta je shago ta biya aka ɗauke ta hoto. Daga baya ta samu labarin mai shagon ya mai da hoton katin gaisuwar Kirsimeti ya kafa a taga yana sayarwa. Alƙali ya hana shi, bisa dalilin cewa wanda aka biya ya ɗauki hoto an ba shi amana, kuma ko ba a faɗa da baki ba, cinikin bai haɗa da sayar wa wasu ba. Wannan hujja tana aiki muddin sai mutum ya shiga shago ya zauna ya daskare kafin a iya ɗaukarsa.

A wannan shekarar ce kuwa Eastman ya rushe ta. Kodak ta farko ƙaramin akwati ce da ake riƙewa a hannu, dala 25, da fim na hoto ɗari a ciki. In ya ƙare sai mutum ya aika da akwatin gaba ɗaya ta gidan waya zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke masa hotunan, a sa sabon fim, a mayar masa. Tallan kamfanin cewa yake kai dai danna, sauran aikin nasu ne. A 1900 suka fito da Brownie a kan dala ɗaya, har yara suka samu. Jaridu suka cika da ƙorafi a kan masu yawo da kyamara a bakin teku suna ɗaukar mata masu wanka. Wanda aka ɗauka a titi bai yi ciniki da kowa ba, bai ba kowa amana ba, saboda haka ba shi da abin da zai kai gaban alƙali. Wasu lauyoyi biyu na Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, sun hango haka. A watan Disamban 1890 suka buga maƙala a mujallar shari'a ta jami'ar Harvard suna cewa kyamarar ɗauka-nan-take da jaridun tsegumi sun kutsa cikin gidajen mutane, dole doka ta amince cewa mutum yana da haƙƙin a ƙyale shi. Parker ya karanta maƙalar, ya ambace ta a hukuncinsa, ya yaba hikimar masu ita, sannan ya ajiye ta gefe.

Jama'a ba su ajiye ba. Jaridu suka yi wa hukuncin ca, har ɗaya daga cikin alƙalai huɗun ya ga dole ya rubuta maƙala yana kare kansu, abin da ba a saba gani ba. A 1903 majalisar jihar New York ta yi dokar da ta ce laifi ne a yi talla ko kasuwanci da suna ko hoton mutum mai rai ba tare da izininsa a rubuce ba, kuma wanda aka yi wa yana iya neman diyya. Dokar na nan har yau, sashe na 50 da 51 na dokar 'yancin jama'a ta jihar. Roberson kanta ba ta ci moriyarta ba, don shari'arta ta riga ta ƙare.

Amma ta samu rana. A 1904 jam'iyyar Democrat ta tsai da Parker takarar shugaban ƙasa, ya kara da Theodore Roosevelt. Masu kyamara suka yi wa gidansa da ke Esopus, a bakin kogin Hudson, ƙawanya. Da abin ya ishe shi sai ya fito ya ce dole a daina, shi da iyalinsa suna da haƙƙin su sake a gidansu, ya zuba hannu a aljihu ya tsaya yadda ya ga dama ba tare da fargabar wani zai ɗauke shi ba. Roberson ta rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, jaridar New York Times ta buga. Ta tuna masa cewa ba shi da wannan haƙƙi da yake iƙirari, kuma hujjarta mai ƙarfi ce, domin hukuncin babbar kotun jihar ce, wanda shi da kansa ya rubuta. Ta ce ita talaka ce mai neman abinci da guminta, ba ta taɓa neman a san ta ba, shi kuwa mai neman kujera mafi girma a ƙasa ne, wanda ya miƙa kansa ga idon jama'a. Parker ya sha kaye a zaɓen, ƙuri'ar wakilai 140 ya samu, Roosevelt 336. Ba wasiƙar ce ta kayar da shi ba, amma yau an fi tunawa da ita fiye da duk jawabansa na kamfe.

Shekara guda bayan haka jihar Georgia ta ɗauki wata hanya. Wani mai zane, Paolo Pavesich, ya buɗe jaridar Atlanta Constitution ya ga hotonsa a tallan wani kamfanin inshora, an ajiye shi kusa da wani ramamme mai kama da majinyaci, an kuma ƙaga masa magana wai yana murna da ya sayi inshora tun yana da lafiya. Bai taɓa saye ba. Mai shagon da ya ɗauke shi ne ya ba da hoton. A 1905 kotun ƙolin jihar, ba tare da jiran majalisa ba, ta ce yana da haƙƙi, ta kuma bayyana cewa Gray ne ya yi daidai. Sannu a hankali yawancin jihohin Amurka suka bi Georgia.

A Jamus gawa ce ta kawo dokar. Otto von Bismarck, wanda ya haɗa kan ƙasar, ya mutu ran 30 ga Yulin 1898 a gidansa na Friedrichsruh. Cikin dare wasu masu hoto biyu daga Hamburg, Willy Wilcke da Max Priester, suka sayi wani ma'aikacin gidan da ke gadin gawar, suka shiga ɗakin ta taga, suka kunna garin walƙiya suka ɗauki tsohon a kan gadonsa, an ɗaure masa haɓa da ƙyalle. Suka sa talla a jarida suna neman mai saye. Iyalan suka kai ƙara, aka ƙwace hoton, aka ɗaure mutanen biyu. Amma da alƙalai suka nemi ayar da za su kafa hujja da ita, ba su sami wadda ta hana ɗaukar hoton mutum ba, sai suka rataya hukuncin a kan shiga gida ba izini. Wannan giɓi na cikin abin da ya sa dokar 1907 ta ce ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa, in ya mutu kuma sai da yardar iyalinsa har shekara goma, ban da wasu keɓantattun halaye kamar hotunan manyan al'amuran zamani da na taron jama'a. Wannan sashe yana aiki har gobe. Hoton Bismarck kuwa sai a 1952 aka buga shi.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma ba ta sake haɗewa ba. Haƙƙin mai hoto ya zama na duniya: yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda daga baya ta game hotuna, ta sa abin da aka ɗauka a wata ƙasa yana da kariya a ƙasashe fiye da 180. Haƙƙin mai fuska kuwa ya tsaya a kan iyaka, kowace ƙasa da nata, a Amurka ma kowace jiha da nata. Na New York talla da kasuwanci kawai ya hana. Shi ya sa a 2015, da wani mai hoto, Arne Svenson, ya ɗauki maƙwabtansa ta tagogin gidajensu da kyamara mai hangen nesa, har da yara, ya baje a gidan nune-nune yana sayarwa, kotu ta ce aikin fasaha ne, dokar 1903 ba ta kai nan ba. Alƙalan sun nuna abin bai yi musu daɗi ba, suka ce majalisa ta duba, kusan irin maganar da Parker ya yi.

Rochester ce kuma ta sake jefa duniya cikin sabon babi. A 1975 wani matashin injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗi hoto ɗaya baƙi-da-fari a kan kaset. Manyan kamfanin ba su yi ɗoki ba, tun da fim ne abincinsu. A watan Janairun 2012 Kodak ya je kotu ya ce ya karye, bayan wata uku Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan ɗaya.

Da intanet ta zo, majalisar Amurka ta yi doka a 1998 wadda kusan duk manyan shafukan sada zumunta ke bi, tun da can ne gidansu. Tsarinta mai sauƙi ne: mai haƙƙin mallaka ya aika wa shafi sanarwa cewa ga kayana an ɗora ba izini, shafin ya sauke da gaggawa, shi ke nan ya tsira daga ƙara. Wanda ya taɓa buɗe fom ɗin ya san inda gizo ke saƙa. Akwai wurin da za ka rantse cewa kai ne mai haƙƙin ko wakilinsa. Matar da tsohon saurayinta ya ɗauke ta ya watsa ba za ta iya wannan rantsuwa ba, domin a doka shi ne mai hoton. Wadda ta ɗauki kanta da wayarta za ta iya. Haka hoton ɗauki-kanka ya zama shi kaɗai ne wurin da mai hoto da mai fuska suka zama mutum guda. Ko ita ɗin, in tana son kai ƙara a Amurka, sai ta fara yi wa hoton rajista, wato ta miƙa kwafin abin da take son ɓoyewa ga ofishin gwamnati.

Shari'u biyu sun isa nuna bambancin. A 2007 wata yarinya 'yar shekara 15 a Dallas ta je wankin mota na tara wa cocinsu kuɗi, wani jagoran matasan cocin ya ɗauke ta, ya ɗora a Flickr da lasisin da ya yarje wa kowa amfani da hoton muddin ya ambaci mai shi. Kamfanin waya na Virgin Mobile a Ostireliya ya ɗauka ya yi talla da shi a tashoshin bas, da rubutun da ke yi mata shaguɓe. Ta wajen haƙƙin mallaka kamfanin yana da abin kafa hujja, tun da mai hoton ya ba da lasisi. Iyalinta suka kai ƙara a Texas, a 2009 kotu ta kore ta, ta ce ba ta da hurumi a kan kamfanin da ke wata nahiya. Sai kuma Daniel Morel, ƙwararren mai hoto ɗan Haiti. Ranar girgizar ƙasa ta 12 ga Janairun 2010 ya ɗauki hotuna a Port-au-Prince ya ɗora ta Twitter, wani ya kwafe ya ce nasa ne, kamfanin dillancin labarai na AFP da Getty Images suka rarraba wa duniya. A 2013 kotu a New York ta ba shi dala miliyan 1.2 a kan hotuna takwas. Morel ya cancanci kuɗinsa. Mutanen da ke cikin hotunan, masu fitowa daga ɓaraguzai jina-jina, ba su cikin lissafin.

Abin har yakan zama abin dariya. A 2019 an kai 'yar tallan kayan ƙawa Gigi Hadid da takwararta Emily Ratajkowski ƙara saboda sun ɗora hotunan kansu a Instagram, hotunan da masu farautar taurari suka ɗauke su a titi.

Gyaran da aka samu a 'yan shekarun nan bai biyo ta haƙƙin mallaka ba, ta dokar kare bayanan mutum ya biyo. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ɗauki hoton da za a iya gane mutum da shi a matsayin bayaninsa, yana da ikon cewa a goge. Da aka gano a 2020 cewa kamfanin Clearview AI ya kwashe hotuna sama da biliyan uku daga intanet ya gina manhajar gane fuska yana sayar wa 'yan sanda, da wannan doka Italiya da Girka da Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 20 kowaccensu. A Amurka sai a watan Mayun 2025 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta wajabta wa shafuka sauke hoton tsiraici da aka ɗora ba da yardar mai shi ba cikin awa 48, har da na bogi da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira. A nan mai fuska ce ke aika sanarwa, ba a tambayarta wa ya riƙe kyamara.

Najeriya ta gaji wannan rigima ta hannun Turawan mulki. Dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911 ta fara aiki a nan a 1912, kuma a ƙarƙashinta wanda ya biya aka ɗauke shi hoto shi ne mai haƙƙin. Dokar 1988 ta juya lamarin, ta ce haƙƙi na wanda ya ɗauka ne ko da biyansa aka yi, sai in an rubuta akasin haka. Masu sana'ar sun ji daɗinta. Peter Obe, tsohon babban mai hoton Daily Times da ya ɗauki yaƙin basasa, ya taɓa kayar da mujallar Grapevine a babbar kotun tarayya a kan hotonsa da ta buga ba izini. Amma ma'anarta ga sauran jama'a ita ce amaryar da aka biya mai hoto ya zo kamunta ba ita ke da hotunan ba, ko angon da ya biya. Ba kowa ya san haka ba, kuma kafin zuwan wayar hannu ba ta dame kowa ba, don iyakar abin mai shago ya kafa hoton a allon ƙofarsa.

Yanzu kuwa duk mai leƙa Facebook da Instagram da TikTok ya san yadda ake yi. Mai sayar da leshi ta ɗauko hoton matar da ba ta sani ba a wurin biki ta ce ga kayanmu. Mai maganin ƙiba ko na hasken fata ya jera hotunan 'yan mata biyu ya ce kafin da bayan. Ɗan damfara ya buɗe shafi da fuskar wata budurwa ko wani jarumin fim yana karɓar kuɗin mutane. A wurin da hoto ɗaya ke iya fasa aure, ɓarnar ta wuce ta kuɗi.

Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗan rage giɓin. Ta bar haƙƙi ga wanda ya ɗauka, na tsawon shekara 50 daga fitar hoton, ta kuma kawo tsarin aika sanarwa a sauke abu daga intanet irin na Amurka, wanda shi ma na mai haƙƙin mallaka ne. Amma ta ƙara da cewa wanda ya sa aka ɗauke shi hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, yana kuma da ikon hana a buga ko a baje ko a yaɗa. Wanda aka ɗauka a titi ko aka kwashe hotonsa daga shafinsa sai ya nemi wasu ƙofofin: sashe na 37 na tsarin mulki da ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanai ta 2023 da hukumarta mai karɓar koke, da sashen sojan gona na dokar laifukan intanet ta 2015 ga masu buɗe shafin bogi. Dokar da ta tsaya takamaimai a kan fuskar mutum, irin ta Jamus, Najeriya ba ta da ita.

Ikon hanawar da dokar 2022 ta ba amarya ma yana iya faɗuwa in an yi yarjejeniya akasinsa, kuma wasu masu hoto suna sa sharaɗin talla a takardar da suke bayarwa. Saboda haka mai shirin biki ko suna ya zauna da mai hoto tun kafin ranar, a rubuta wa ke da hotunan, ko an yarda a ɗora su a shafin talla, da waɗanda ba a yarda su fita ba, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.